Ɗauko Iyali Zuwa Amurka ko Faransa: Abin da Lauya Zai Iya da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tun daga ranar da labari ya bazu cewa Amurka ta sanya Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofarta, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa a gidajen Damagaram da ke da ɗa, ko miji, ko ƙane a can: shin wanda ya riga ya fara yi wa matarsa ko mahaifiyarsa takardun tafiya, wahalarsa ta tashi a banza ke nan, ko kuwa idan aka samu ƙwararren lauya zai iya buɗe hanya? Amsoshin da ake ji a majalisu iri biyu ne. Wasu sun yi imani cewa babu ƙullin da lauyan Turai ba ya kwancewa muddin an biya shi, wasu kuma suna ganin ɗaukar lauya asarar dukiya ce kawai, tunda duk mai ɗan ilimin boko zai iya cike takarda. Kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya, amma dukansu suna iya jefa iyali cikin hasarar da ba ta gyaruwa, domin ba su rarrabe abin da doka ta bar wa lauya da abin da ta ɗauke daga hannunsa ba.

Abin da ya sauya a 2025 da 2026

A ƙarshen watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai ya dakatar da aikin bayar da biza na yau da kullum. Daga nan kuma, ranar 16 ga Disamban 2025, shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata shela da ta ƙara Nijar, tare da Mali da Burkina Faso da wasu ƙasashe, cikin jerin waɗanda aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka, aka fara aiki da ita ranar 1 ga Janairun 2026. Abin da ya fi taɓa iyalai shi ne, shelar farko ta watan Yunin 2025, wadda ta haɗa da maƙwabciyarmu Chadi, ta keɓe mata da mazan aure da ƙananan ƴaƴa da iyayen ƴan ƙasar Amurka, sai ta Disamba ta zo ta cire wannan rangwame. Gwamnatin Amurka ta kafa hujja da matsalar tsaro, da raunin tantance takardu, da yawan masu wuce wa'adin bizarsu. Masu adawa da matakin kuma suna cewa an hukunta al'umma ɗungurungum saboda laifin ƙalilan, kuma ni ma ina ganin da wuya a gamsar da tsohuwar da ke jiran ganin jikokinta cewa ita ce barazanar tsaro.

Wannan mataki shela ce ta shugaban ƙasa, wadda ya dogara da wani sashe na dokar shige da fice ta 1952 da ya ba shi ikon dakatar da shigar kowane rukuni na baƙi, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar masa da wannan iko a 2018. Saboda haka babu lauyan da zai je ya karya ta a madadin mutum ɗaya. Amma kuma abin da sa hannu ya ƙulla, sa hannu yana iya kwancewa: an sanya Chadi cikin irin wannan jeri a Satumban 2017 aka cire ta a Afrilun 2018, an hana ƴan Najeriya bizar zama a 2020 aka ɗage a Janairun 2021. Dokar da ta ba mutum damar neman ɗauko iyalinsa tana nan ba a soke ta ba, shi ya sa sanin yadda take aiki bai zama aikin banza ba ko a wannan yanayi.

Wa doka take ɗauka a matsayin iyali

A gidanmu na Hausa, ɗan yaya ɗa ne, ƙanen uba uba ne, wanda kuka sha nono ɗaya kuma ɗan'uwa ne da har aure ya haramta tsakaninku. Dokar Amurka, a tsarin da ta ɗauka tun gyaran 1965, ta ƙididdige dangin da ake iya nema wa zama, kuma wanda ba ya cikin wannan ƙidaya babu hanyar shigar da shi. Wanda ya zama cikakken ɗan ƙasa yana iya nema wa matarsa ko mijinta, da ƴaƴansa manya da ƙanana, sannan idan ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa da ƴan'uwansa na jini. Wanda yake riƙe da katin zama na dindindin kawai, wato koren kati, ikonsa ya tsaya a kan abokin aure da ƴaƴan da ba su yi aure ba. Ba zai iya ɗauko mahaifiyarsa ba, balle ƙanensa. Kaka, da kawu, da inna, da ɗan yaya, da taubashi, babu su a kowane rukuni. Wanda kuwa yake zaune can ba tare da takardar zama ba, ko bizarsa ta ƙare, ba shi da ikon nema wa kowa.

Na daɗe ina ganin rashin sanin wannan yana ɓata zumunci. Iyaye a Birni ko Zango suna zargin ɗansu da rowa, ana cewa ya samu duniya ya manta da ƙannensa, alhali shi da ke tuƙin tasi a New York ko aikin masana'anta a Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, doka ce ta ɗaure masa hannu. Idan matsin lambar gida ya yi yawa, a nan ne yakan karkata ga mai ce masa akwai dabara.

Layin jira da dalilin tsawonsa

Dangin ɗan ƙasa na kusa, wato abokin aure, da ƴaƴa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da iyaye, ba a ƙayyade musu adadi ba, don haka jiransu na aikin ofis ne kawai. Sauran duka suna rabon biza kusan 226,000 ne a shekara ga duniya baki ɗaya. Daga ciki, ƴan'uwa na jini suna da 65,000, manyan ƴaƴan ɗan ƙasa marasa aure 23,400, masu aure su ma 23,400, iyalan masu koren kati kuma 114,200, sannan babu ƙasar da ake ba fiye da kashi 7 cikin ɗari. Da yake masu nema sun ninka waɗannan adadi, layi ya taru, har wanda ya nema wa ƙanensa yau sai ya shirya jiran abin da ya haura shekara 15. Kowane wata ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana wallafa jadawalin da ke nuna inda layin ya kai, kyauta, a intanet.

Matsayin mutum a layin shi ne ranar da hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, ta karɓi takardar nema mai lamba I-130. Mutanen Zinder sun san wannan tsari sarai a bakin famfo: wanda ya ajiye jarkarsa tun asuba shi ne a gaba, ko da an ɗauke ruwa sai yamma. Lauya ba ya iya matsar da ranar nan gaba ko da kwana ɗaya, kuma duk wanda ya ce yana da mutum a ciki da zai tsallakar da layi, maƙaryaci ne. Abin da lauya zai yi shi ne kare wannan rana kada ta salwanta, domin akwai abubuwan da ke kashe ta ba tare da iyali sun ankara ba. Babban misali, kuma wanda ya fi kusa da mu: idan mai koren kati ya nema wa ƴarsa, sai aka aurar da ita a gida kafin ta tafi, takardar ta mutu nan take, shekarun jira kuma sun tafi. Da a ce ya riga ya zama ɗan ƙasa, auren zai mayar da ita wani layi ne mafi tsawo kawai. Haka nan yaron da ya cika shekara 21 ana cikin jira yana iya faɗawa wani rukuni, kodayake akwai dokar 2002 da ke rage masa shekaru ta wani lissafi na musamman, lissafin da ya kamata masani ya yi. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ɗan ƙasar da ya nema wa mahaifiyarsa, ƙananan ƙannensa ba sa bin ta a wannan takarda, wanda kuma ya nema wa matarsa sai ya shigar da takarda daban ga kowane ɗa.

Inda al'adarmu ke karo da dokarsu

A nan ne shawarar lauya ta fi tsada, domin abubuwa ne da a wurinmu halal ne kuma sananne, amma a can suna iya rusa dosiye.

Na farko shi ne auren mace fiye da ɗaya. Amurka ba ta amince da shi ba, kuma dokarta ta hana shiga ga wanda zai je ya ci gaba da zama da mata biyu. A idonta, muddin auren uwargida yana nan, auren amarya bai ƙullu ba, saboda haka mutumin da ya bar uwargida a Matamaye ya ce zai ɗauko amarya ya shiga matsala tun daga tushe. Idan ya saki ta farkon, sai ya kawo shaidar saki a rubuce daga hukuma mai ɗauke da ranar da ta gabaci aure na biyu, kuma saki na baki ko na ƴar takardar da aka rubuta a zaure ba ya wadatarwa. Idan sakin ya zo bayan an ɗaura aure na biyu, sau da yawa sai an sake ɗaura auren kafin a karɓe shi. Ƴaƴan amarya kuwa ba su rasa haƙƙinsu ba, domin dangantakarsu da mahaifinsu ake dubawa, sai dai hujjojin da za a nema sun fi yawa. Abin da ba a gafartawa shi ne ɓoye aure ko ɓoye ɗa a cikin takarda, domin yaron da uba bai ambata ba yau, gobe zai sha wuyar tabbatar da cewa nasa ne.

Na biyu shi ne ɗaurin aure ta hannun wakili. Mun saba a ɗaura aure a masallaci ko ƙofar gida ango yana wata ƙasa, waliyyi da wakili su yi siga, a raba goro da dabino, aure ya tabbata. Dokar Amurka ba ta lissafa wannan mace a matsayin mata sai idan ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren. Ke nan sai an nuna cewa angon ya zo gida, ko sun haɗu a wata ƙasa, bayan wannan rana, ta hanyar tambarin fasfo da tikitin jirgi da hotuna. Wanda ya shigar da takarda kafin wannan haɗuwa ya zubar da kuɗinsa. Faransa ma ta wajabta wa ɗan ƙasarta halartar ɗaurin aurensa da kansa, ko da a waje aka yi shi.

Na uku shi ne riƙo. Ɗan riƙo a wurinmu yana iya girma tun yana goye a hannun gwaggonsa, ba ya kiran kowa uwa sai ita, amma babu wata takardar kotu. Amurka tana neman a ce kotu ce ta mayar da yaron ɗa kafin ya kai shekara 16, kuma ya zauna a hannun mai riƙon a hukumance na tsawon shekara biyu. Mafi yawan riƙonmu bai cika wannan sharaɗi ba. Agola yana shiga lissafi idan an ɗaura auren mahaifiyarsa kafin ya kai shekara 18. Ƴan uba da ƴan ɗaki ɗaya duka ana ɗaukarsu ƴan'uwa, sai dai na uba a kan nemi ƙarin shaidar auren iyayen.

Jarabawar da ke biyo baya a bayyane take: sai wani ya ba da shawarar a rubuta ɗan yaya a matsayin ɗan cikinka, ko a ɗaura auren takarda da ƴar'uwa don ta samu shiga. Idan jami'i ya yi shakka yana iya ba da shawarar gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake ɗaukar samfurinsa a ƙarƙashin kulawar ofishin jakadanci, mai nema kuma ya biya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukuncin yaudara a neman biza haramcin shiga ne na har abada. Auren bogi yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000, sannan wanda aka kama da shi ba za a sake amincewa da wata takardar neman zama dominsa ba, ko da daga baya ya yi aure na gaskiya.

Rabin aikin yana nan gida

Mutane suna ɗaga kai suna hangen lauyan da ke Amurka, alhali dosiye da yawa a nan Damagaram suke lalacewa. Da yawa daga cikin iyayenmu, har da matasa na ƙauyukan Mirya da Magarya da Tanut, ba a yi musu takardar haihuwa cikin wa'adi ba, sai daga baya aka je kotu aka samo hukuncin da ke maye gurbinta, wani lokaci da shekarar da aka ƙiyasta. Jami'an biza sun san wannan, kuma takardar da aka yi ana gab da neman biza ba ta da nauyi a idonsu kamar wadda aka yi tun yaro yana jariri. Sukan nemi ƙarin shaida: takardun makaranta na dā, katin rigakafi, tsohon katin iyali, da hotuna.

Sai kuma matsalar rubutun suna. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a ta makaranta, Mohamed a fasfo, sunan mahaifiyarsa kuma ya sha bamban tsakanin takardarsa da ta ƙanensa. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ga wanda ke karanta dosiye a wani ofishi a Amurka mutum uku ne. Gyaran irin wannan aikin kotun gida ne, kuma a nan avoka na Nijar ko magatakardar kotu suke da amfani, domin lauyan Amurka ba shi da ikon taɓa rajistar ma'aikatar magajin garin Zinder. Auren da aka ɗaura a masallaci ma sai an yi masa rajista an samu takardar hukuma. Abin da nake roƙon jama'a shi ne a bi hanyar kotu, ko da ta ɗauki watanni, a guji mai cewa zai kawo sabuwar takarda gobe da safe, domin takardar da ba ta da asali a rajista ita ce ke mayar da mai gaskiya maƙaryaci. Duk takardar Faransanci da za a miƙa wa USCIS kuma sai an haɗa ta da fassarar Turanci mai ɗauke da shaidar mai fassara.

Kuɗi da alƙawarin ɗaukar nauyi

Takardun cikewa kyauta ne a shafin hukumar, kuɗin shigarwa ake biya. A farashin da aka sanya a Afrilun 2024, takardar I-130 dala 675 ce idan ta gidan waya aka aika, 625 kuma ta intanet, wato abin da ya tasam ma jika 400 na kuɗinmu gwargwadon canji. Bayan an amince, dosiye yana wucewa cibiyar biza ta ƙasa, inda ake biyan dala 325 ga kowane mai neman biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, sai gwajin lafiya a wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi kaɗai. Ladan lauya daban yake, kuma sau da yawa ya fi waɗannan duka.

Takardar ɗaukar nauyi, mai lamba I-864, ita ce mutane suka fi sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Mai nema sai ya nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, wanda a 2025 ya kama dala 26,437 a shekara ga gida mai mutum biyu, yana ƙaruwa da kowane kai. Takardun haraji ake dubawa, don haka direban da ya saba rage abin da yake bayyana wa hukumar haraji yakan tarar ya rufe wa matarsa ƙofa da hannunsa. Ana iya samo wani ya tsaya masa, amma wanda zai tsaya ya sani cewa yarjejeniya ce da kotu ke tilasta cikawa, tana nan har sai wanda aka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya cika aikin kusan shekara 10, ko ya bar ƙasar dindindin, ko ɗayansu ya rasu. Mutuwar aure ba ta warware ta.

Wa ya halatta ya ba da shawara

A Amurka mutum biyu ne doka ta yarda su wakilci mai nema: lauyan da ke da lasisi daga ɗaya daga cikin jihohin ƙasar, da wakilin da ma'aikatar shari'a ta tantance wanda ke aiki a ƙungiyar agaji da aka amince da ita. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan yi aiki kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Lauya na gaskiya yana shigar da takarda mai lamba G-28 da ke nuna shi ne wakili, yana rubuta yarjejeniyar lada, yana ba da rasit, kuma ana iya duba sunansa a rajistar lauyoyin jiharsa. Akwai tarkon da ya fi kama mu masu tsarin Faransa: a wurinmu noter babban masanin shari'a ne, amma mai irin wannan suna a Amurka shaidar sa hannu kawai yake yi, ba shi da izinin ba da shawarar shige da fice, kuma an daɗe ana damfarar baƙi ta wannan hanya.

A nan gida kuma akwai dillalan biza, wasu a shagon kwamfuta, wasu a WhatsApp da Facebook. Mai buga maka abin da ka faɗa bai yi laifi ba, amma da zarar ya fara zaɓa maka amsa, ya shiga hurumin da ba nasa ba, kuma idan abin ya ɓaci, kai ne ka yi rantsuwa a kan takardar. Alamominsu ba sa ɓuya: alƙawarin tabbacin biza, neman a sa hannu a takardar da ba a cike ba, riƙe fasfo ko takardun asali, da ƙin ba da lambar dosiye. Tun da aka rufe ƙofa sun ƙara wata sabuwar haja, wato samo wa mutum fasfon wata ƙasa. Gaskiya ne shelar ta keɓe mai ƙasa biyu na haƙiƙa da ke tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin, amma fasfon saye yaudara ce mai jawo haramcin har abada, kuma Najeriya da ta fi kusa da mu ita ma shelar ta dakatar da bizar zama ga ƴan ƙasarta.

Shin ke nan dole ne kowa ya ɗauki lauya? Doka ba ta wajabta ba, kuma mai aure ɗaya, mai takardu tsaf, mai isasshen albashi, wanda ke karanta Turanci da kyau, yana iya yi da kansa. Amma idan akwai aure fiye da ɗaya a tarihin mutum, ko an taɓa hana shi biza, ko ya taɓa wuce wa'adi a Amurka, wanda ke jawo haramcin shekara 3 ko 10 gwargwadon tsawon zaman, ko an taɓa kama shi da laifi, ko yaro ya kusa shekara 21, ko mai nema ya rasu ana cikin jira, to a ganina rowar kuɗin lauya a nan ganganci ne. Sai dai a sani cewa ko shi ba ya iya tilasta wa jami'in biza. Kotunan Amurka ba su cika sake duba hukuncin ƙin ba da biza ba, kuma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin lallai sai an shigo masa da abokin aurensa ba.

Faransa a taƙaice

Tsarin Faransa ya fi ƙunci ta fuskar dangi, amma ya fi ba da damar ɗaukaka ƙara. Baƙon da ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida yana iya neman matarsa, idan ta kai shekara 18, da ƴaƴansa da ba su kai 18 ba. Ana duba abin da ya samu cikin wata 12 da suka wuce, da girman gidan da yake zaune. Hukumar kula da shigowar baƙi ta Faransa, wato OFII, ce ke karɓar dosiye, magajin gari ya ba da ra'ayi, perefe ya yanke hukunci cikin wata 6. Mace ta biyu ba ta shiga idan ta farko tana can. Majalisar ƙasar ta so ta tsawaita wa'adin zuwa wata 24, amma majalisar tsarin mulki ta soke wannan sashe a Janairun 2024, watan da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, abin da ya tilasta wa masu neman biza fita wata ƙasa. Idan an hana biza, ana kai kuka ga wani kwamiti da ke birnin Nantes, daga nan sai kotun gudanarwa ta birnin, kuma wa'adin ɗaukaka ƙarar gajere ne ƙwarai. A nan avoka yana da tasiri na zahiri, kuma ƙungiyoyi irin su Cimade da Gisti suna taimakon baƙi da shawara.

Abin da ya dace a yi yayin da ƙofa ke rufe

Shelar ta bar wata ƴar kafa ta rangwame ga mutum ɗaiɗai idan hukuma ta ga shigarsa maslahar Amurka ce, amma wannan ganin dama ne na jami'ai, kuma lauyan da ya san aikinsa zai faɗi haka tun kafin ya karɓi ko dala ɗaya. Ga wanda zai nema wa ƙane ko babban ɗa, inda jiran ya zarce wa'adin kowace gwamnati, shigar da takarda yanzu don kama layi yana da ma'ana, ko da hukuncin ya yi jinkiri. Ga mai neman matarsa kuwa lissafin ya fi wuya, domin zai kashe kuɗi ba tare da sanin ranar haɗuwa ba, kuma wannan shawara ce da ya kamata ma'auratan su yanke tare, bayan an gaya wa matar gaskiyar halin da ake ciki, domin ita ce ke zaune a gidan surukai tana ƙirga shekaru.

Waɗanda dosiyensu ya riga ya isa cibiyar biza ta ƙasa su kiyaye abu ɗaya: doka ta ba da damar soke rajistar wanda ya yi shekara guda bai waiwayi dosiyensa ba bayan an sanar da shi cewa layinsa ya zo, don haka a riƙa tuntuɓar cibiyar a rubuce kafin shekara ta zagayo, a ajiye shaidar hakan, a kuma sanar da duk sauyin adireshi, ko haihuwa, ko aure. Gwajin lafiya da takardar kaziye, wato shaidar rashin laifi, suna da wa'adin ƙarewa, saboda haka babu amfanin yin su kafin a ba da ranar ganawa. Gyaran takardun haihuwa da na aure kuwa ba ya lalacewa, kuma a kotun Zinder da ma'aikatar magajin gari ake yin sa, don haka shi ne aikin da ya kamata a fara yanzu.